Sharhi: Difilomar Kasuwanci da Makomar Jarin Hausawan Agege

Fiye da shekaru ɗari ke nan Hausawa suna fatauci a Agege. Jirgin ƙasa da ya haɗa Ikko da Ibadan a 1901, ya kuma isa Kano a 1911, shi ne ya buɗe wa goron wannan yanki hanyar zuwa Arewa, ya janyo fatake suka kafa zango, zangon ya zama gari. A yau jikokinsu na cikin harkar shanu a mayankar Oko-Oba, da ta tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, har da canjin kuɗi. Abin tambaya shi ne, gidajen kasuwanci nawa ne suka ci gaba da tsayawa da ƙafarsu bayan rasuwar wanda ya kafa su? Duk wanda ya san zango ya san ba su da yawa.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Kasuwancin zango ya ginu a kan amana da sanayya: maigida ya sauke baƙo, dillali ya nemo mai saye, mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ya tsaya masa. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabon Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu ke tafiya a kan bashi ba tare da wata takarda ba. Tsari ne mai ƙarfi, amma littafin lissafinsa yana cikin kan mutum ɗaya. Ranar da Allah ya karɓi ran maigida, sai a rasa sanin wa ake bi, wa ke bi. A raba gado, jari ya tarwatse, ƴaƴa su koma yaran wasu.

A nan ne karatun difiloma ta bayan digiri a fannin kasuwanci, wadda aka fi sani da PGD, yake da amfani. Kwas ne na kimanin shekara ɗaya da aka tsara domin wanda ya yi digiri a wani fanni dabam, ko mai takardar HND, kuma shi ne tsanin da yawanci ake takawa zuwa digiri na biyu na MBA. Ana koyar da tsare littafin kuɗi, da ƙididdigar abin da kaya suka ci, da dabarun tallace-tallace, da dokar kamfani, da sarrafa ma'aikata. Mazaunin Agege ba ya bukatar rufe shago don ya yi shi: akwai Jami'ar Legas da aka kafa a 1962, da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo tun 1983, ga kuma Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, da sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Wasu dattawa za su ce, ai Alhaji Alhassan Dantata bai shiga jami'a ba, amma a lokacin da ya rasu a 1955 ana ƙirga shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Gaskiya ne. Sai dai ya kamata a tuna cewa shi ma bai tsaya a kan abin da ya gada ba: ya yi amfani da jirgin ruwa wajen kawo goro daga Ankara zuwa Ikko, ya shiga cinikin gyaɗa, ya kuma yi hulɗa da banki tun lokacin da da yawa ke binne kuɗi a ɗaka. Tattaɓa-kunnensa, Alhaji Aliko Ɗangote, ya karanta harkar kasuwanci a Jami'ar Azhar ta Alƙahira kafin ya kafu a Ikko, kuma matatar man da ya buɗe a Lekki a 2023 ba da lissafin ka aka gina ta ba. Masu iya magana sun ce zamani riga ne.

Idan aka yi la'akari da sauye-sauyen da suka auku, za a ga hujjar ta ƙara fitowa fili. Harajin VAT da aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5 cikin 100 ya koma kashi 7.5 a 2020. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tilasta wa masu tumatir da masu nama karɓar kuɗi ta banki, sa'an nan janye tallafin mai a watan Mayu na shekarar ya ɗaga kuɗin motar da ke tahowa daga Arewa. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce, ɗan kasuwan da ya ɗora ribar kashi 10 ya kuma ba da kayansa bashin wata huɗu, kusan aikin banza ya yi, domin kuɗin da ya dawo hannunsa da kyar zai sake sayen kayan da ya sayar. Irin wannan lissafi ne kwas ɗin ke koyarwa. Bugu da ƙari, babu bankin da zai zuba jari inda babu rubutaccen lissafi, ko da kuwa bankin Musulunci ne irin Jaiz da ya fara aiki a 2012.

Duk da haka, ba a ce takarda ita ce kasuwa ba. Akwai masu yin kwas ɗin don kawai a ƙara musu matsayi a ofis, akwai kuma cibiyoyin bogi da ke karɓar kuɗin jama'a ba tare da amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ba. Wajibi ne mai nema ya tabbatar da wannan amincewa kafin ya biya ko kwabo. Haka nan yawancin misalan da ake koyarwa na kamfanonin Amurka da Ingila ne, ba su san asarar kwandon tumatir a hanyar Kano zuwa Ikko ba. Ya kamata jami'o'i, ciki har da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero ta Kano, su riƙa tura ɗalibai su yi bincikensu a cikin waɗannan kasuwanni.

Saboda haka shawara ga iyayen gida ita ce, kowane gidan kasuwanci ya ware ɗa ɗaya, namiji ko mace, ya ɗauki nauyin karatunsa daga cikin ribar shago, da sharaɗin ya ci gaba da zama a kasuwa, ya mai da littafin gidan abin gwajinsa. A yi wa sana'ar rajista, a raba aljihun maigida da na kamfani, domin in rabon gado ya zo, a raba hannun jari, kasuwa ta ci gaba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da fadar Sarkin Hausawan Agege za su iya kafa asusun tallafa wa waɗanda ba su da hali.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma umarni ne da a rubuta bashi. Amana ta kawo Hausawan Agege inda suke a yau. Rubutu da lissafi ne za su miƙa jarinsu ga jikoki.