Kafin a ce batir ya mutu, a tambayi wa ya tada kwamfutar

1/ Masu gyaran kwamfuta na Jega da Aliero, ku yi haƙuri, yau da ku nike. Ɗalibi ya rufe laptop da caji cike, ya saka ta jaka, ya isa aji ya tarar ta yi zafi kamar dutsen guga, caji ya ƙare. Amsarku biyu ce kullum: "batir ya mutu" ko "sai an yi format." Zare 🧵

2/ Sau da yawa batirin lafiyarshi ƙalau. Kwamfutar ce anka tada daga barci tana cikin jaka. Ɗaya daga masu tada ta shi ne katin network, na waya ko na Wi-Fi. In ka rufe murfi, katin nan na iya zama a farke, yana gadi yana sauraren abin da ke wucewa.

3/ Da gangan anka ƙera shi haka. Sunan abin Wake-on-LAN, ya fito tun tsakiyar shekarun 1990, kamfanin AMD na cikin waɗanda sunka kawo shi. Ana aiko wani ɗan saƙo: FF sau 6, sai lambar MAC ta katinka sau 16. Da katin ya ga lambarshi, sai ya ƙwanƙwasa wa kwamfuta ƙofa ta tashi.

4/ Nan aikin direba ya shigo. Ba na tashar Jega ba 😅 Direba ita ce manhajar da ke tsakanin Windows ko Linux da katin. Kafin barci ita ke gaya wa kati: in ka ga kaza ka tada mu, in ka ga kaza ka ƙyale.

5/ In an farka kuma, dole ta duba mi ya tada ta, ta goge alamar da katin ya ɗaga. In ba ta goge ba, kwamfuta na kwanciya sai ta sake zabura. In kuma an bar katin ya amsa kowane irin saƙo, ya zama maigadin da ke tada gida don akuya ta wuce ƙofa.

6/ Sabbin laptop da yawa ma barcin zomo suke yi. Windows na kiranshi Modern Standby, kuma yana iya barin Wi-Fi a haɗe. Yanzu ka tuna MiFi ko hotspot ɗin wayarka na kunne cikin jaka ɗaya da ita. Ka haɗa da ranar Afrilu ta Kebbi, kana bisa kabu-kabu. Zafi shi ke cin batirin lithium. A hankali ƙaryar "batir ya mutu" sai ta zama gaskiya.

7/ Binciken bai kai minti 5 ba. Buɗe Command Prompt a matsayin admin:
powercfg /lastwake zai faɗi abin da ya tada ta na ƙarshe.
powercfg /devicequery wake_armed zai lissafa masu izinin tada ta.
powercfg /batteryreport zai nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage.
Na ukun nan shi ne alƙali. Wanda bai duba shi ba, ba ya da hujjar sayar maka da batir.

8/ In katin ne, shiga Device Manager, zaɓi katin, je Power Management, cire alamar da ta ba shi izinin tada kwamfuta. Masu Linux: ethtool -s eth0 wol d, ka sa sunan katinka a gurbin eth0.

9/ Wani zai ce "to ka kashe ta gaba ɗaya mana." Na yarda, in tafiya za ka yi, Shut down ko Hibernate ya fi. Amma shawarar nan ba ta maido kuɗin batirin da uba ya sai da buhun albasa ya biya. Format kuma ya tafi da project ɗin yaro, matsalar na iya dawowa da direba iri ɗaya.

10/ Kuma kar a ce a tsine wa fasahar. Cibiyar CBT ko kafe mai kwamfutoci jere, mutum ɗaya na iya tada su duka daga kujerarshi. Inda take da amfani a kunna, cikin jakar ɗalibi a kashe. Sanin bambancin shi ne sana'a.

11/ Ku kuma 'yan Computer Science na jami'ar Aliero, ba ku tsira ba. Kowa website, kowa graphics. Direbobin Linux irin r8169 na katin Realtek da e1000e na Intel a buɗe suke, kyauta, da yaren C. Ku nemi wurin da ake suspend da resume ku karanta. Interrupt ɗin da kunka haddace don jarrabawa, ga shi nan yana aiki.

12/ Inda wuta ke zuwa kamar baƙo, kuma sai ka biya kuɗi a shagon caji, kowane kashi 1 na batir dukiya ne. Mai gyara, ka duba kafin ka yanke hukunci, haƙƙin mutane ne. Mai laptop, in an ce maka batir ya mutu, ka ce a nuna maka batteryreport.

Wanda ya gwada /lastwake ya ajiye mana abin da ya gani a ƙasa 👇