Ƙarfen sabis ne ke ƙarar da ƙadangarunmu?

Ana ta yaɗa cewa siginar ƙarafan sabis da wayoyi ce ke karya garkuwar jikin ƙadangaru da tsaka, har suka ragu a gidajenmu. Mu dai ba mu ga dalilin ɗora laifin a can ba.

Illar da masana suka tabbatar wa siginar waya ita ce ɗumama jiki, in ta yi ƙarfi ƙwarai. Shi kuwa ƙadangare da ɗumi garkuwarsa ke aiki. A 1975 Matthew Kluger ya nuna a Amurka cewa ƙadangaren da cuta ta kama ya fi tsira in ya samu wuri mai ɗumi.

Abin da ke kashe su yana hannunmu: fesa fiya-fiya barkatai, sare bishiyoyi, da malale tsakar gida da siminti. Alhali su ke rage mana gara da kyankyasai.

Batun ƙarafan kuwa, ƙa'idar NESREA ta 2011 ta tanadi tazarar mita 10 daga katangar gida. Wannan ya kamata mu sa wa ido, da baƙin man janareton da ke malalowa kwata. Mai ƙorafi ya miƙo wa sakataren ƙungiya a rubuce.