Ragowar Abinci: Hanci Ba Alƙali Ba Ne

  

Kwanakin baya wata ɗalibata a ajin matan aure ta yi fashin kwana biyu. Da ta dawo na tambaye ta ko lafiya, sai ta ce yaranta uku ne suka kwana suna amai, har sai da aka yi wa ƙaramin ƙarin ruwa. Me suka ci? Dafa-dukar gidan suna ce aka zubo mata a kula da azahar, ta ajiye a ɗaki, washegari da rana ta ɗumama musu. Ta ce, "Wallahi Malama sai da na shinshina, ko tsami ba ta yi ba. Kuma ai zubar da abinci zunubi ne."

Maganarta ta ƙarshe tana kan hanya. Allah Ya hana mu ɓarna a ci da sha a Suratul A'araf, aya ta 31, kuma a wannan tsadar rayuwa babu macen da za ta so ta ga shinkafa a bola. Inda ta yi kuskure, kuma yawancinmu muke yi, shi ne naɗa hanci alƙali.

Uwargida, ki sani ƙwayoyin cutar da ke sa abinci tsami da yauƙi daban suke da waɗanda ke kwantar da mutum. Na biyun sau da yawa ba sa sauya ƙamshi ko kala ko ɗanɗano. Sun fi hayayyafa idan zafin abinci yana tsakanin digiri 5 da 60, wato ba sanyin firij ba, ba kuma zafin tukunya ba. A irin wannan yanayi wasunsu kan ninka yawansu duk bayan minti 20. Shi ya sa masana suka ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 kawai. To ki tuna yadda bazararmu take, inda ake kai wa digiri 40. Ita kuwa kula, da zarar zafin cikinta ya fara sauka, ɗumin da take riƙewa shi ne daidai wanda ƙwayoyin nan suke so.

Shinkafa tana da nata sha'anin. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Basilos siriyos da kan zo tun a ɗanyar shinkafa, tana da wani irin ɓawo da dahuwa ba ta kashe shi. Idan shinkafa ta huce ta zauna a waje sai ta farfaɗo, ta zuba guba a ciki. Ita wannan gubar wuta ba ta lalata ta. Ko kin ɗumama har tururi ya tashi tana nan, kuma cikin awa 1 zuwa 6 sai amai ya fara. Ina kyautata zaton abin da ya sami yaran ɗalibata ke nan. Taliya ma haka take.

To kwana nawa abinci zai yi a firij? Hukumomin abinci na Amurka sun ce kwana 3 zuwa 4. Na Ingila sun fi tsanantawa, sun ce kwana 2, shinkafa kuma kwana 1. Ni na Ingilar nake bi, don su duka suna magana ne a kan firij ɗin da ba a ɗauke masa wuta. Idan wuta ta tafi, firij a rufe yana riƙe sanyinsa na kimanin awa 4 ne kacal. Firiza da ke cike tana kai wa kwana 2, wadda ke rabi kwana 1, muddin yara ba sa buɗewa suna neman ruwan sanyi. Firij ɗin da ya wuni ba wuta ya zama kabad, kada ki yaudari kanki. Kuma kada ki tura ƙatuwar tukunyar miya ciki yadda take, tsakiyarta kan daɗe ba ta yi sanyi ba. Ki rarraba a ƙananan robobi masu murfi, ki ciro iya wanda za a ci, ki ɗumama sau ɗaya har ya tafasa ciki da waje.

Na san wata za ta ce, "Malama, mu da ɗumame muka tashi, ga mu nan garau." Ni ma da shi na tashi, har gobe ina son ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka. Amma ki tuna yadda iyayenmu suke yi. Kafin a kwanta sai an tafasa miyar, a rufe, ba mai sake tsoma ludayi balle hannu, da asuba a sake tafasawa, a cinye a karin kumallo. Ba ya kai rana. Rufe kwano da dare ma sunna ce, ta zo a hadisin Jabir da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wannan dabara tana rage haɗari, ba ta kawar da shi duka ba, kuma ta fi aiki da hunturu a kan bazara. Don haka idan ba ki da firij, ɗumame ya tsaya a kan manya masu lafiya. Yaron da ake yaye, da mai juna biyu, da tsohuwa, da maras lafiya, a yi musu sabo ko da kunu ne. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum 420,000 ne gurɓataccen abinci ke kashewa a shekara, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Sai batun zunubi. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, ya sha ranar, da washegari, har yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a shayar da shi ko a zubar. Malamai suka ce idan bai sauya ba ne ake bayarwa, idan ya sauya sai a zubar. Gaskiya ne dalili a can gudun kada ya zama mai sa maye ne, amma ya ishe mu mu gane cewa abin ci yana da wa'adi, kuma zubar da wanda ya lalace ba almubazzaranci ba ne. Almubazzarancin tun a wajen awo yake faruwa, ranar da aka dafa kwano guda wa mutum biyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda muke yi wa almajirai. Abinci ya kwana biyu, mun hana 'ya'yanmu, sai mu ji "ko ɗan ƙanzo, iya" a ƙofar gida, mu juye masa a roba muna jiran lada. Haba 'yar uwa! Wannan yaron idan gudawa ta kama shi cikin dare, babu uwar da za ta tashi a kansa. Ki koma ki duba aya ta 267 a Suratul Baƙara, inda aka hana mu zaɓo mummuna mu ciyar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. In kin ga abinci zai rage, ki bayar tun da zafinsa, a ranar da aka dafa.

Idan kuwa tsautsayi ya gitta yaro ya fara amai da gudawa, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙulli da ake sayarwa a kemis, kaɗan-kaɗan da cokali, kada ki daina shayarwa. In kin ga jini a bayan gida, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa shan komai, ko jikinsa ya saki, sai asibiti, kada a jira gari ya waye.

Wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu taɓa batun ajiyar nama da kifi. Wassalam.