Aji ba ɗakin tsohuwa ba ne

Muna bugun ƙirji cewa Bahaushe ba ya kai iyayensa gidan kula da tsofaffi. Gaskiya ne, muddin yana da gidan da zai riƙe su. Tun 2019 'yan bindiga ke korar mutanen ƙauyukan Batsari da Safana. Wasu sun fake a azuzuwan firamare, wasu a kangwaye. Can za ka tarar da tsohuwa mai ciwon gwiwa kwance kan siminti, taga ba marfi, masai can nesa cikin duhu. Masu mulki kan kawo buhunan shinkafa, a ɗauki hoto, a watse. Shinkafa ba ta toshe yoyon rufi. Wane jami'in tsafta aka ɗora wa alhakin duba ɗakunan nan, kuma yaushe rabonsa da leƙa su?