Wa Ke Kashe Wutar Ɗan Kwana-kwana?

Jama'a, gardama ce ta haifi wannan rubutu, kuma gara in faɗi yadda ta taso tun da fari. Ran nan da daddare muna zaune a ƙofar ɗakin kwananmu, sai motar kwana-kwana ta wuce a guje tana jiniya, ta nufi cikin gari. Wani ɗan'uwa mai karatun likita ya bi ta da kallo, ya ce wai waɗannan mutane jaraba ce ke kai su, jininsu ya saba da wani sinadari da ake kira adirinalin, ba su jin daɗin duniya sai ana ƙonewa. Wani kuma ɗan sashen shari'a ya taso masa, ya ce ƙarya ne, jarumai ne masu zuciyar dutse, abin da zai firgita ni da kai su ko a jikinsu. Aka yi ta musu har dare ya raba. Ni dai ban ce uffan ba, domin na lura kowannensu hanyar wanke hannunsa kawai ya samo. In jaraba ce, to su suka so, ba ruwanmu. In kuwa zuciyar dutse gare su, ai dutse ba ya ciwo, balle ya nemi magani. Ta ko'ina aka ɓullo mun kuɓuta, ba mai bin mu bashi. To, ni na ce ana bin mu, kuma bashin ya daɗe.

Bari mu soma da sinadarin nan, tun da shi aka ɗora wa laifi. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ya hau ta kamar hula, daga nan yake fitowa. A 1901 ne wani masanin haɗa magunguna ɗan Japan, Jokichi Takamine, wanda ke aiki a Amurka, ya tace shi tsantsarsa. Sa'an nan a 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana aikinsa, watau shi ne ke shirya jiki a lokacin haɗari, ko a tsaya a gwabza, ko a ranta a na kare. Da ya zubo cikin jini sai zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin numfashi su buɗe, hanta ta saki sukari, ƙwayar ido ta faɗaɗa, jini ya bar hanji ya koma damatsa da cinyoyi. Mutum ya ɗaga abin da da can ba zai iya ɗagawa ba, ya ji rauni bai sani ba sai daga baya. Shi kansa sinadarin ba ya daɗewa, cikin 'yan mintoci ya baje. Amma yana da abokin tafiya mai suna kotisol, wanda ba ya saurin sallama, kuma bayan su biyun sun janye sai jiki ya yi laƙwas kamar tsumma.

Kai da ni sau nawa wannan ke samunmu? Ranar jarrabawa, ko ranar da mota ta kusa kwashe mu a bakin ƙofar makaranta. Mu yi ajiyar zuciya, mu ba abokai labari, shi ke nan. To, yi tunanin mutumin da wannan ne sana'arsa. An koya masa ya nufi inda kowa ke gudu daga gare shi, kuma ana iya tashinsa daga barci a kowace sa'a a ce ya yi haka, shekara da shekaru. A wurin gobara kowa na bukatarsa, kowace daƙiƙa tana da ma'ana, abokan aikinsa sun zama 'yan'uwansa na jini. In ya fito da yaro da rai daga cikin hayaƙi, akwai wani daɗi da zai ji wanda ba a sayar da shi a kasuwa. Ina laifin ƙwaƙwalwar da ta riƙe wannan daɗi, ta nemi a ƙara mata? Haka aka gina ta. Kuma ina so ɗan'uwana mai karatun likita ya koma ya bincika littattafansa: babu wata cuta da likitoci suka yi wa rajista da suna jarabar adirinalin. Magana ce ta bakin titi. Abin da ke akwai shi ne jikin da aka yi ta kunnawa ba a taɓa koya masa yadda zai mutu da kansa ya huta ba.

Ba a littafi na fara ganin wannan ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana aikin kwana-kwana. Muna yara mun san shi da fuska biyu. In ka same shi a wurin aiki, ga fara'a, ga barkwanci, yana nannaɗe mesa yana tsokanar kowa. In ya dawo gida sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya kafa wa bango ido. A kawo abinci ya ci ba ya ko sanin abin da ya ci. Matarsa ta tambaye shi shawara a kan kuɗin makarantar yara, ya ce ta yi yadda ta gani. Ɗan ƙaramin motsi, kwano ya faɗi ko yaro ya ƙwalla ƙara, sai ya zabura ya hau faɗa. Dangi suka ce miskilanci ne, wasu suka ce ko ya ƙyalla ido a waje ne.

Sai da na girma na yi ƙarfin halin tambayarsa. Na ce, "Kawu, wai me ya fi wuya a aikin nan, zafin wutar ko gawawwakin?"

Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Kai yaro, ba ko ɗaya. Abin da ya fi wuya shi ne a yi mako ba a buga ƙararrawa ba. Sai in ji jikina yana ƙaiƙayi, in kama kaina ina sauraron waya, ina fatan ta yi ƙara. Sa'an nan in tuna cewa in ta yi ƙara, shagon wani ne ke ci, ko ɗan wani ne a ciki. Sai in yi ta istigfari. Wa zan gaya wa wannan ya ɗauke ni mutumin kirki?"

A nan maganar take, mai karatu. Mutum yana ɗauke da marmarin da shi kansa yake ƙyama, kuma mun toshe masa kowace ƙofa. In ya faɗa, mu ce mugu ne. In ya yi shiru, mu ce jarumi ne. Wani Ba'amurke mai suna Kevin Gilmartin, wanda ya yi aikin ɗan sanda kafin ya shahara a ilmin halayyar ɗan'adam, ya rubuta littafi a 2002 a kan wannan hawa da sauka. Ya nuna cewa wanda ya wuni a tsaye cikin shirin ko-ta-kwana, in ya tashi aiki jikinsa na faɗawa ƙasa da inda yake a da, ga gajiya, ga rashin sha'awar komai, kuma yakan ɗauki sa'a 18 zuwa 24 kafin ya daidaita. Kafin sa'o'in su cika an sake kiransa. Saboda haka iyalinsa ba su taɓa ganin mutumin da abokan aiki suka sani ba, saura kawai suke samu. Da na karanta wannan sai na ga zauren Kawu, tabarma da bango da duka.

Masu cewa zuciyar dutse, ga lissafi. A Amurka, wani rahoto da Gidauniyar Ruderman ta fitar a 2018 ya ƙirga cewa a shekarar 2017 'yan kwana-kwana 93 ne suka mutu a bakin aiki, amma aƙalla 103 suka kashe kansu. 'Yan sanda kuwa 129 a bakin aiki, 140 da hannunsu. Wannan fa a ƙasar da ke da motoci da ruwa da albashi, ƙasar da ta rasa 'yan kwana-kwana 343 a birnin New York ranar 11 ga Satumba 2001, ta sassaƙa sunayensu tana girmamawa. Kirari bai hana su ba. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na can suka shigar da ciwon firgici na bayan tashin hankali cikin kundinsu na cututtuka, mai sa mafarkin tsoro da zabura da gudun duk abin da zai tuna wa mutum abin da ya gani. Dutse ba ya mafarki.

To, mu dawo gida. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta fashe a garin Majiya na Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka halaka. An ƙirga shaguna, an ƙirga mamata, manya sun zo jaje, an kafa kwamiti. Amma wasu hannuwa ne suka ɗauki gawawwakin nan da suka ƙone. 'Yan kwana-kwana, da jami'an kiyaye haɗurra, da direbobin motocin asibiti, da nas-nas na sashen gaggawa, da samarin ƙungiyoyin agaji da ba su karɓar ko kwabo. Kowannensu ya koma gida a daren nan da wannan ƙauri a hancinsa. Kai da ka karanta labarin, ka taɓa tambayar kanka yadda suka kwana? Mu dai abin da muka iya shi ne, in mota ta iso a makare ko ruwanta ya ƙare, mu ɗebi duwatsu mu jefe su, alhali ba su ke sayen mota ba, ba su ke haƙa rijiyar burtsatse ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce namiji ba ya kuka, za a ce haƙuri maganin zaman duniya. Ban ƙi haƙuri ba. Amma wanda ya karye a ƙafa ba mu ce masa ya yi haƙuri kawai, sai mun kira maɗori. Me ya sa in karayar ta ciki ce sai mu mai da haƙuri murfin tukunya? Gaskiyar ita ce tsoron kalmar hauka ke ɗawainiya da mu. Kuma ba mu kaɗai ba, har hukuma: dokar da ƙasar nan ta yi ta aiki da ita a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1958 ce, ta zamanin Turawa, mai kallon mara lafiya a matsayin abin tsarewa, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutane sama da miliyan 200. Ɗan kwana-kwanan da aka gani a layin asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna ko na Kware, ya san abin da za a yi ta raɗawa kafin ya dawo.

Kada kuma wani ya ce mu kwaso maganin Turawa yadda yake. A 1983 Jeffrey Mitchell, wanda shi ma ya taɓa aikin kashe gobara, ya fito da tsarin tara ma'aikata bayan babban haɗari, kowa ya amayar da abin da ya gani. Aka rungumi abin a ƙasashe da dama. Da aka zo aka tattara binciken da aka yi a kan irin wannan zama na sau ɗaya, a 2002, sai aka ga ba ya hana ciwon, wani ma ƙara masa yake yi. Shi ya sa jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya karkata ga abu mai sauƙi: a zauna da mutum, a saurare shi in ya so magana, kada a matsa masa, a biya masa bukatarsa ta kusa, a sada shi da nasa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abekuta cewa mara lafiya ya fi warkewa a cikin jama'a tare da danginsa, bisa a kulle shi a ɗaki. Abin da ya rage shi ne hutu na gaskiya tsakanin aiki da aiki, da wani babba a kowace tasha wanda aka horar ya gane alamun, da likitan da za a iya gani ba tare da an rubuta a fayil ɗin ƙarin girma ba.

Mu ɗalibai fa? Kowace shekara ana rubuta kundin kammala digiri ɗaruruwa a sassan likitanci da halayyar ɗan'adam da zamantakewa, da yawansu kwafe-kwafe ne a kan abin da aka riga aka tauna. Tashar kwana-kwana tana nan, kuɗin mota ɗaya ne daga ƙofar makaranta. A cikinmu ma akwai 'yan agaji, su ne kan gaba in an yi haɗari a hanya ko wuta ta tashi a ɗakin kwana. Ƙungiyar ɗalibai ta san yadda ake raba musu takardar yabo a ƙarshen zango. Ina kira gare ta, a zamanta na gaba, ta nemi asibitin jami'a ya ware rana guda a mako da waɗannan 'yan'uwa za su ga mai ba da shawara a asirce, kuma ta gayyaci 'yan kwana-kwanan gari su ma.

Kawu ya yi ritaya tuni. Da hutun da ya wuce na kai masa ziyara, muna cin tuwo a zaure sai jiniya ta taso daga nesa. Ya ajiye lomarsa, ya miƙe tsaye, har ya sa ƙafa ɗaya a takalmi. Sai ya waiwayo ya gan ni, ya koma ya zauna, ya ce in miƙo masa ruwa.