Zafin Malbaza yana tashi sama, albasar Galmi tana ruɓewa

A shekarar 2022 jihar New York ta Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa manyan kamfanonin iskar gas da lantarki su gwada shimfiɗa bututun ruwa ƙarƙashin unguwanni, domin su raba wa gidaje ɗumi da sanyi ba tare da ƙona iskar gas ba. Wato hukuma ce ta ba kamfani umurni.

Mu fa? Mahukuntanmu na Yamai sun iya jawabin rage hayaƙi a tarurrukan duniya, amma a 2014 gawayin Salkadamna suka aza wa tubali. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, abin yabo ce, sai dai ba ta isa ba. Da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, ƴan kasuwar Ƙonni da na Illela sun ga iyakarta, kowa ya koma sayen gazuwal.

Murhun siminti yana kai zafin digiri 1,450, kuma a ƙasashe da dama ana tare zafin da ke fita a mai da shi lantarki. Galmi tana nan kusa da masana'antar Malbaza, manomanta kuwa suna karyar da albasa da kaka saboda tsoron ruɓewa. Wace doka ce ta taɓa umurtar NIGELEC da masu siminti su zauna kan wannan zafi, a samar wa manoma rumbunan sanyi? Ma'aikatar makamashi ta fito ta nuna mana ita.