A Auna Amfilifaya Da Cin Batir, Ba Da Ƙara Ba

Jama'a, mai sayen amfilifaya a Zuru ƙara yake fara tambaya. Mu kuwa a ganinmu cin batir ya kamata ya tambaya.

Ga dalili. Irin ta da, watau rukunin AB, kusan rabin wutar da ta sha zafi yake zama. Ta rukunin D kuwa, tiransistocinta kunnawa da kashewa suke yi, sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, saboda haka wajen kashi 90 cikin 100 na wutar yana isa lasifika. Tun 1964 kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da irinta, amma sai da tiransista ta inganta sa'an nan muryarta ta gyaru.

To, inda lantarki ke zuwa yana ɗaukewa, gida ya dogara ga batir da farantin sola, lalle wannan bambanci kuɗi ne. Batirin da ake zuƙewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa, albashin malami ko akawu kuwa ba ya ɗaukar sabo kowane wata.

Kada a ruɗu da wat dubu da aka rubuta a kwali. Batir mai bolt 12, in ba a ɗaga ƙarfinsa ba, wat 18 ne iyakar tsabtataccen sautin da zai ba lasifika mai om 4, kuma ya ishi ɗaki. A gwada ta kusa da rediyo, domin marar kyau tana dagula tashoshi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.